Garken Masu Amalanke

Shekarar da tsutsa ta shiga masarar mutane ta cinye ta tun tana kore, a shekarar ne jakina ya mutu. Tsufa ne da ciwon ciki suka haɗu masa. Na ja amalanken da hannuna na jingine shi a bayan gida, na koma dako da ka a kasuwar Bawku, ina da shekara hamsin da 'yan kai.

Ban tayar da hankalina ba, domin ƙungiyarmu ta masu amalanke tana da garke. Iyayenmu ne suka kafa shi a wani shinge bayan kasuwar dabbobi: jakai mata da bingi ɗaya, wato babban namijin da ke hawansu. Duk wanda jakinsa ya mutu sai ya shiga layi, in an haihu an yaye a ba shi ɗan. Layi ya zo kaina. Akwai wata jaka mai hasken gashi da muke kira Aura, tana da ciki, kuma kowa ya san abin da ke cikin nan nawa ne. Zai ɗauki lokaci kafin ya iya jan kaya, amma jira bai taɓa yi mini wuya ba.

Sai masu sayen fatar jaki suka shigo ƙasar, farashi ya tashi yadda ba mu taɓa ji ba. Ciyaman ɗinmu, Alhaji Seidu, ya kawo shawara a sayar da garken duka a sayi aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da bodi a baya. Ya je wani taro a Bolga ya dawo da kalma a bakinsa, wai ci gaba mai ɗorewa. Ya ce abin da zai ɗore shi ne abin da zai riƙe samarinmu a gida, kada su tafi ramin zinariya. Baba Awudu, dattijon ƙungiya kuma abokin mahaifina, ya ce in dai ɗorewa ake nema, shi har ya tsufa bai ga babur ya haihu ba. Mutanen Alhaji suna cewa a duba Salaga, can an sayi inji an ji daɗi. Mutanen Baba suna cewa a duba Yendi, can an saya an yi kuka. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taɓa taka garuruwan nan.

Da musu ya ƙi ƙarewa aka ce a aiki wani ya gano. Mu a al'adarmu ba a ɗaga hannu. Buhu biyu ake shimfiɗawa, kowa ya ajiye sandar korar jakinsa a kan wanda ya zaɓa. Wanda aka aika kuwa ba ya ajiye sanda, ba ya kawo shawara, abin da ya gani kawai yake faɗa. Aka zaɓe ni. Mutanen Baba sun yarda da ni don sun san ni ne a layi. Mutanen Alhaji sun yarda da ni don suna ganin ba ni da zafi.

Na sauka Salaga da la'asar, ƙafafuna sun kumbura da zaman mota. Kakana ya zo garin nan da jakuna neman goro, ina jin sunansa tun ina yaro, amma da na sauka babu fuska ɗaya da na sani. Wani mutum mai ƙiba da tabarau ya tare ni.

"Kai ne baƙon Alhaji? Ni ne Masta Isaka. Kawo jakar, kawo. A nan baƙo ba ya ɗaukar kaya."

A gidansa ya ce in ba shi guzurin da ƙungiya ta ba ni ya ajiye mini, kamar yadda ake yi wa mai masauki. Na ba shi. Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa, na ci har na ji kunya.

Washegari ya ɗora ni a bayan babur ɗinsa ya kai ni tashar 'yan aboboya. Guda biyar ne a jere, an wanke su suna ƙyalli, kowane da direbansa a tsaye kamar za a ɗauki hoto. Duk tambayar da na yi wa direba, Masta Isaka ne ke amsawa. In direban ya buɗe baki, sai ya yi masa magana da Gwanjanci, wanda ba na ji, shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "Mun gode Allah."

Na ce, "To masu amalanken da, ina suke?"

"Sun huta."

"Hutun gida ko na maƙabarta?"

Ya yi dariya har tabarau ya zame. "Mutumin Bawku, ashe kana da baki!"

Haka muka yi kwanaki: tasha, kasuwar doya, gida, sakwara. Na fara jin cewa in aka ci gaba a haka zan koma da tumbi ba labari. Wata safiya na sulale ni kaɗai na je shan koko a bakin Zango. Mai kokon, wata dattijuwa da ake kira Mma Memuna, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne wanda ake yawo da shi a babur kamar amarya?"

"Ni ne, Mma."

"Ka san angon naka shi ne dillalin masu sayar da injin?"

Ban sani ba. Ta ƙara mini ƙosai biyu ba ta karɓi kuɗinsu ba, ta nuna mini hanya da ludayi. "Bi nan har ka ga tsohuwar rijiya da mangwaro. Waɗanda kake nema suna can."

Na tarar da dattawa a gindin bishiyar, wasu na dara, wasu na tufka igiya. Na yi sallama na faɗi abin da ya kawo ni. Wani mai suna Fuseni ya matsa mini a benci. Ya ce su kusan talatin ne a ƙungiya lokacin da suka sayar da dabbobinsu da amalankensu suka haɗa kuɗi. Inji biyar aka saya, mutum biyar ke tuƙi, duk 'ya'yan shugabanni. Da farko ana raba riba kowane wata. Daga baya taya, mai, da bakanike suka riƙa cin rabonsu kafin ya iso gindin mangwaro.

Na ce, "Ke nan cutar ku aka yi."

Ya girgiza kai. "Kada ka kai wannan magana gida, ba gaskiya ba ce. Injin yana aiki, ya fi mu aiki. Bakin da yake ciyarwa ne kaɗan. Mu ne muka yi lissafin kaya, muka manta lissafin mutane."

Kafin in koma masauki labari ya riga ni. Masta Isaka bai yi faɗa ba. Ya dai ce ɗakin da nake kwana ana bukatarsa. Da na nemi ajiyata sai ya buɗe hannuwa.

"Wace ajiya? Sakwarar da kake ci daga sama take faɗowa? Man da na ƙona ina zagayawa da kai fa?"

Na ɗauki jakata. Ban iya rigima ba ko a gida, balle a garin da ba ni da kowa. Fuseni ne ya kai ni wurin limamin wani ƙaramin masallaci, aka ba ni tabarma a zaure. Na ji nauyin in kira ƙungiya in ce a ƙaro kuɗi, don haka na shiga lodin doya don in tara na mota.

A wannan aikin ne na ga abin da Masta Isaka ya kasa nuna mini da duk yawonsa. Na bi aboboya zuwa gonaki masu nisa, inda jaki zai yini bai kai ba. Muna yin sawu uku kafin azahar. Wani manomi ya nuna mini rumfar da doyarsa ke ruɓewa a da tana jiran mai ɗauka. Direban da nake bi, Dramani, magidanci ne mai 'ya'ya uku, yatsu biyu na hannunsa na hagu babu. Na tambaye shi.

"Rami ne, Kawu. Ƙasa ta rufta da mu, mu huɗu. Biyu muka fito." Ya dafa kan babur ɗin. "Ba don wannan ba, da na koma."

Ban ji daɗin jin haka ba, kuma ban iya mantawa da shi ba.

Kewar gida ta fi kama ni bayan magariba, lokacin da ake kiran yara su shigo da harshen da ba nawa ba. Sai in kira matata Adiza.

"Ya Aura? Cikin ya sauko?"

"Lafiya lau nake, na gode da tambaya," in ji ta. "Yara ma lafiya. Surukarka kuma na can tana cin harawa."

Da kuɗin mota ya taru na je tasha. Lokacin ban daɗe da shiga ajin manya na koyon karatu ba. Na tsaya gaban allon wata mota ina haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya har suka ba ni Yendi. Yaron mota yana ta kiran sunan garin a kunnena, amma sai da na karanta da kaina na shiga.

A Yendi na nemi masu amalanke a bakin kasuwa, aka haɗa ni da Afa Yakubu. Su Dagwamba Afa suke ce wa malami. Dogo ne siriri, Hausarsa a hankali take fita. Bai tambaye ni na wane ɓangare nake ba. Ya kai ni bayan wani gareji ya nuna mini aboboya uku a kan duwatsu, babu tayoyi, ciyawa ta fito ta cikin bodi, kaji sun yi gida a ɗaya. Ya ce rabin ƙungiyarsu ne suka ware suka karɓe su bashi, suka ba wa waɗanda ba su iya tuƙi ba, aka riƙa loda musu kayan da ya fi ƙarfinsu. Kafin a gama biya sun mutu.

Na zagaya su sau biyu ina kallo. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, wannan ya ishe ni, gobe sai gida.

Da muka isa gidansa sai na ga ɗaki ɗaya an cire ƙyauren an faɗaɗa ƙofar, an sa wani na ƙarfe. Ya buɗe, sai ga jaki a ciki yana kallonmu.

"Baƙo, ka yi haƙuri," in ji shi. "Ɗakin baƙi ke nan. Kai da shi za ku raba."

Matarsa daga madafa ta ce, "Ka gode Allah shi ba ya minshari. Afa na yi."

Na ɗauka wasa ne irin na mai son dabbarsa. Aka shimfiɗa mini tabarma a gefe guda. Tun da na bar Bawku ban yi barci mai daɗi irin na ranar ba, da warin jaki da ƙarar taunarsa.

Da safe bayan salla muka ji kururuwa a makwabta. Wani mai suna Napari ya tashi ya tarar an yanke dabaibayi, jakunansa biyu babu. Maza suka fito muka bi sawu. Ba mu yi nisa da gari ba muka gan su a cikin wani kwari. An feɗe su an tafi da fatun, an bar naman a ƙasa. Napari ya tsuguna a gabansu. Ɗaya daga ciki da ragowar igiyar da ya ɗaura mata a ƙafa ya gane ta.

A hanyar dawowa na tambayi Afa Yakubu ko su waɗanda suka ƙi inji ba su da garke irin namu.

"Muna da shi. Shi aka fara kwashewa. Dare ɗaya, har da mai gadi a wurin, ɓarayin suka ɗaure shi da rawaninsa." Ya yi tafiya kaɗan kafin ya ƙara. "Garke ya fi sauƙin sata. Kun tara musu wuri ɗaya, mota kawai za su kawo."

"To kai me ya sa ka riƙe naka?"

"Ba don zai ɗore ba. Ni ne na tsufa da koyon wani abu. In ya mutu ba ni da kuɗin wani, kuma duk unguwar nan babu jaka macen da za ta haifa mini wani."

Na ƙara kwanaki a Yendi ina taya shi aiki, ba don akwai sauran abin gani ba. Ƙafata ce ta ƙi kama hanyar gida. A ƙarshe shi ya haɗa ni da wani direban motar masara da ya ɗauke ni kyauta, matarsa ta ƙulla mini gyaɗa a leda. Motar ta lalace a kan dutsen Nakpanduri, muka yini a gefen hanya muna jiran bakanike, sai washegari muka gangara Garu. Duk tsawon hanyar abu ɗaya nake juyawa. Na ga kamar akwai mafita: a sayar da rabi a sayi inji, sauran jakai matan a raba su gida-gida, kowa ya kwana da tasa kamar Afa. Amma ba a aike ni neman mafita ba.

Ranar da na isa Bawku, bayan la'asar, Baba Awudu ya zo gidana da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Adiza ta shimfiɗa masa tabarma ta ba mu wuri. Na ba shi labari duka. Da na kai kan injinan da kaji ke kwana a ciki ya yi dariya har da tari. Da na kai kan kwari sai ya daina dariya.

"Salifu, wannan na ƙarshen, bar shi a Yendi."

"Baba, na gani."

"Ka ga abubuwa da yawa. Ka ga kaji, ka ga mangwaro. Dole ne sai ka faɗi kowanne? Mutanen nan matsorata ne. Suka ji kalmar sata, an gama." Ya nuna bayan gida da sandarsa. "Amalanken ubanka ne can a jingine. Da hannuna na taya shi ɗaura masa taya. Wata nawa ya rage Aura ta haihu?"

"Bai fi biyu ba."

"To?"

Na ce, "In na yi shiru aka kwashe su dare ɗaya fa, Baba? Ba nawa ne ni kaɗai ba."

Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

An yi taron ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a rumfar ƙungiya. Buhu biyu na shimfiɗe a tsakiya. Na miƙe na fara da Salaga. Na faɗi dattawan gindin mangwaro da rabon da ba ya isowa, na faɗi aikin Masta Isaka na gaskiya da abin da ya yi mini. Alhaji Seidu ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Wani daga mutanen Baba ya ce, "Faɗa musu, ɗan halak!" Sai na faɗi sawu uku kafin azahar, da hannun Dramani. Mutumin nan ya ce, "Kai, sakwarar ta yi aiki." Aka yi dariya. Na faɗi injinan Yendi a kan duwatsu. Daga nan na faɗi ɗakin da aka cire wa ƙyaure, da kwari, da mai gadin da aka ɗaure da rawaninsa, da maganar Afa cewa garke ya fi sauƙin sata.

Na ga mutane suna waiwayen wajen kasuwar dabbobi, inda shingenmu yake, da mai gadinmu tsoho ɗaya da tocila.

Na ce, "Ni a ganina, da za a raba..."

"Salifu," in ji Alhaji, ba da faɗa ba, "ka san doka. Ka faɗi abin da ka gani. Zauna."

Na dubi Baba Awudu ko zai ce a bar ni in ƙarasa, domin shi yana da ikon kawo shawara. Yana kallon ƙasa. Na zauna. Babu wanda ya nemi a kawo buhu na uku, don tun kafa ƙungiya ba a taɓa shimfiɗa shi ba.

Aka fara ajiye sanduna. Na ga mutanen da suka raka ni da addu'ar Allah ya sa in dawo da abin da zai tsare garke suna tafiya a hankali zuwa buhun Alhaji, ba sa haɗa ido da kowa. Ba a ma tsaya ƙirgawa ba.

Bayan mako guda motar masu saye ta zo. Jakunan suka ƙi hawa. Aka yi duka, aka yi turi, suka kafe ƙafafu a gindin katakon da aka jingina a bayan motar. Sai Alhaji ya aiko a kira ni, wai ni ne suke jin muryata. Adiza ta ce kada in je. Na je, don na san in ban je ba da sanda za a hau da su. Na shafa wuyan kowace na yi mata magana na ja ta a hankali. Aura ce ta ƙarshe. Cikinta ya yi nauyi, sai da na sa kafaɗa na tallafa mata ta baya kafin ta hau.

An sayi aboboya uku. Har yau biyu suna aiki, kuma samari shida da ke karɓa-karɓa a kansu ba su tafi rami ba, ɗaya ɗan ƙanena ne. Ni nake yi musu lodi, in zauna a kan buhuna a baya. Ba a taɓa satar jaki a shingenmu ba, don babu jakin da za a sata, saboda haka ba wanda zai iya cewa wa ya yi gaskiya.

Abin da ya tafi kuwa na san shi. Jakai mata tara da bingi ɗaya. Ɗan da ke cikin Aura. Layin da mutum huɗu ke jira a bayana. Da gaisuwar Baba Awudu, wanda nake wucewa ta ƙofarsa kowace safiya in ce masa ina kwana, shi kuwa ya ci gaba da kallon hanya.